Amsa ga mai son yin digiri na biyu a kan ƙagaggun labaran baƙaƙen fatar Amurka

Tambaya: Wata ɗaliba da ta kammala digirin farko a sashen Turanci ta rubuto tana cewa: "Malam, ina son in yi digiri na biyu a kan ƙagaggun labaran baƙaƙen fatar Amurka na wannan zamani. Na karanta Beloved da The Color Purple tun ina aji uku. Taken da nake tunani shi ne jigon wariyar launin fata a littattafan Toni Morrison da Alice Walker. Taken ya yi? Kuma daga ina zan fara?"

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya. Fagen da kika zaɓa mai yalwa ne, kuma na ji daɗi da har yanzu ana samun masu sha'awarsa. Amma taken bai yi ba, kuma gara in gaya miki yanzu da ki ji shi daga bakin mai jarrabawa na waje bayan kin ɓata shekara biyu.

Na duba kundaye masu irin wannan take da dama, kusan duk tafiyarsu ɗaya. Ɗalibi zai sake ba da labarin littafin daga farko zuwa ƙarshe, ya tsamo wuraren da Bature ya ci zarafin baƙar fata, ya jera su, sannan ya rufe da cewa marubuciyar ta nuna wariya mugun abu ce. To wa ya yi musu? Kamar mutum ne ya ce zai yi kundi a kan jigon soyayya a littattafan soyayya na Kano. Wariya ita ce ƙasar da waɗannan littattafai suka tsiro a kai, kowa ya san tana nan. Abin da ake nema daga mai digiri na biyu shi ne ya nuna mana yadda marubuci ya gina labarinsa a kan wannan ƙasa: wa ya ba bakin magana, wa ya hana, me ya gabatar, me ya jinkirta, da wane irin Turanci, kuma me ya sa. A taƙaice, ki bar jigo ya huta tukuna, ki koma kan salo da zubi da tsari.

Bari in nuna miki abin da nake nufi da littafin da kika riga kika sani. Asalin labarin Beloved, wanda ya fito a 1987, abu ne da ya faru. A watan Janairun 1856 wata baiwa mai suna Margaret Garner ta gudu daga jihar Kentucky da mijinta da 'ya'yanta, suka taka ƙanƙarar kogin Ohio suka tsallaka zuwa Cincinnati. Da masu farautar bayi suka ritsa su, sai ta yanka 'yarta ƙarama don kada a mayar da ita bauta. Morrison ta ci karo da yankakken shafin jarida mai wannan labari lokacin tana edita a kamfanin ɗab'i na Random House, tana aikin wani kundin tarihin baƙar fata da ya fito a 1974. Da wani marubucin ne, da wannan yanka zai buɗe littafi, ko ya ajiye shi can ƙarshe don ya girgiza mai karatu. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Ta buɗe da lambar gida, a shekarar 1873, shekaru goma sha takwas bayan abin ya wuce a lissafin littafin, ta jefa mai karatu cikin gida mai fatalwa ba tare da sallama ko gabatarwa ba. Ta bayyana daga baya cewa da gangan ta yi, tana son a fizgo mai karatu a jefa shi inda bai san kowa ba, kamar yadda ake fizgar bawa.

Sai a tsakiyar littafin ake nuna mana abin da ya faru a rumfar bayan gida, kuma ki lura da idon da aka ara mana: idon mutum huɗun da suka zo a kan dawakai don kama Sethe, uwar da ke matsayin Margaret Garner a littafin. A idonsu ba uwa suke gani ba, dukiya ce ta lalace. Bayan haka aka sake ba da labarin ta bakin wani dattijo da ya shaida abin. Sai a karo na uku Sethe da kanta ta yi yunƙurin faɗa, tana zagaya ɗakin girki tana kewaye maganar, ƙafarta na zagaye, bakinta na zagaye, ta kasa dira a kan kalmar. Yanzu ga tambaya ta digiri na biyu: me ya sa uwar ce ta ƙarshe da aka ba dama, kuma me ya sa ko da aka ba ta, ba ta iya miƙe zancen ba? Idan kika bi wannan tambaya za ki isa ga matsalar da ta dami duk masu rubutu a kan bauta, wato cewa takardun da suka rage, rasit ne da lissafin kaya da shari'ar kotu da jaridar masu bayi, muryar baiwar kanta ba ta ciki. Kin ga kin dawo kan wariya, amma ta ƙofar da za ki shigo da abin da ba kowa ya gani ba.

Abu na biyu, kalmar nan "na wannan zamani" sai kin yanke mata iyaka. Yawancin manazarta suna farawa daga 1970, shekarar da ƙagaggen labarin farko na Morrison da na farko na Walker suka fito, bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta 1965 sun rushe wariya a takarda. Wasu kuma suna farawa daga shekarun 1990 ko daga 2000. Duk wanda kika ɗauka, ki kare shi da hujja. Kuma ki sani akwai muhawara mai zafi a kan ko wannan adabi yana nan ma har yanzu. A 2011 Kenneth Warren na Jami'ar Chicago ya fitar da ɗan ƙaramin littafi, What Was African American Literature?, yana cewa abin da ake kira adabin baƙaƙen fatar Amurka ɗan zamanin dokokin wariya ne, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1960, lokacin da kowane marubuci baƙar fata dole rubutunsa ya zama amsa ga waɗannan dokoki. Da dokokin suka faɗi, sharaɗin da ya haɗa marubutan wuri ɗaya ya faɗi. Ni ban yarda da shi ba. Wanda ya karanta yadda Jesmyn Ward ta kwatanta gidan yarin Parchman na Mississippi a Sing, Unburied, Sing zai ga cewa faɗuwar doka ba ta kwance ɗaurin ba. Amma ina sa kowane ɗalibina ya karanta Warren, domin yana tilasta wa mutum ya faɗi abin da yake nufi idan ya ce "adabin baƙar fata": launin marubuci ne, ko abin da ya rubuta a kai, ko waɗanda yake rubuta wa?

Ba kuma za ki fahimci na yau ba sai kin san na jiya, domin marubutan nan hira suke da magabatansu, wani lokaci gardama. Ki karanta labarin da Frederick Douglass ya bayar na rayuwarsa a bauta, na 1845, da na Harriet Jacobs na 1861. Ki karanta Du Bois na 1903, inda ya yi maganar mutumin da ke kallon kansa da ido biyu, nasa da na wanda ya raina shi. Sai Zora Neale Hurston ta 1937, da Richard Wright na 1940, da Ralph Ellison na 1952, da James Baldwin. Wata uku ya ishe ki idan kika dage. Bayan haka za ki ga dalilin da ya sa tun daga shekarun 1960 marubuta suka riƙa komawa kan tsohon labarin bawa suna sake ɗinka shi. Tsohon bawa yana rubutu ne don ya shawo kan Turawan Arewa, dole ya tausasa harshe, ya rufe wasu abubuwa. Jikokinsa sun dawo su buɗe abin da ya rufe. Octavia Butler a Kindred, 1979, ta ɗauko mace daga Los Angeles ta 1976 ta jefa ta gonar bayi a Maryland, ta dawo da ita babu hannu ɗaya. Colson Whitehead a 2016 ya ɗauki sunan da ake kiran hanyar sirri ta tserewar bayi, wato layin dogo na ƙarƙashin ƙasa, ya mayar da shi jirgin ƙasa na gaske mai tasha da direba.

Yanzu ga inda na fi ganin ɗalibanmu suna tuntuɓe, wato harshe. Mun taso da Turancin makaranta, an koya mana cewa duk abin da ya kauce masa kuskure ne. Sai ɗalibi ya buɗe The Color Purple ya ga wasiƙun Celie, ya rubuta a kundinsa cewa marubuciyar ta yi amfani da gurɓataccen Turanci don ta nuna jahilcin tauraruwar. Wannan jimla kaɗai ta isa ta kayar da kundi. Turancin baƙaƙen fatar Amurka karin harshe ne mai nahawunsa, masana harshe irin su William Labov da Geneva Smitherman sun daɗe da bayyana ƙa'idojinsa. Ke Bahaushiya ma kin fi Baturen Ingila saurin gane wani ɓangarensa. Idan suka ce "he working", yana aiki ne yanzu. Idan suka ce "he be working", yakan yi aiki ne, al'adarsa ce. Bambancin da ke tsakanin "yana" da "yakan" ke nan. Wanda bai san wannan ba zai karanta shafi guda ya fahimci rabinsa.

Percival Everett ya mayar da wannan batu ginshiƙin littafinsa James, na 2024, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2025. Ya ɗauko bawan nan Jim daga tsohon littafin Mark Twain ya ba shi bakin magana. A littafin Everett, bayi suna magana da tsaftataccen Turanci a tsakaninsu, sai Bature ya doso su juya zuwa "maganar bayi" da yake tsammanin ji, har darasi James yake ba yara kan yadda za su yi ta, domin tsira. Kin ga yadda harshe ya zama labarin kansa. Shi dai Everett ɗin ne ya rubuta Erasure a 2001, labarin marubuci baƙar fata da masu ɗab'i suka ƙi aikinsa wai bai yi "baƙi" sosai ba, ya fusata ya rubuta littafin shaƙiyanci cike da bindiga da zagi da sunan aro, sai kasuwa ta rungume shi. Wannan littafi gargaɗi ne har ga mu manazarta, masu zuwa wurin marubuci baƙar fata muna neman wahala kawai.

Akwai kuma abin da Henry Louis Gates ya yi wa littafi guda a 1988, The Signifying Monkey: dabarar faɗin magana a karkace, ka yabi mutum kana yankarsa, ka maimaita zancen wani ka murɗa shi. Gates ya danganta ta da biri mai wayo na tatsuniyoyinsu da kuma Eshu na Yarabawa, ya ce haka marubutansu suke yi wa junansu daga littafi zuwa littafi. Wanda ya tashi cikin habaici da zambo da gugar zana, ya sha tatsuniyar Gizo, kunnensa a buɗe yake ga wannan. Ki yi amfani da kunnen, amma kada ki rubuta cewa abu ɗaya ne sai kin kawo hujja.

Wannan ya kawo ni ga maganar da nake son ki riƙe da kyau. Kasancewarki baƙar fata 'yar Afirka ba ta sa kin san abin da suke ciki ba. Tarihinsu nasu ne: shekaru kusan ɗari biyu da hamsin na bauta har zuwa 1865, sannan kusan ƙarni guda na dokokin wariya da rataye mutane ba shari'a, sannan ƙaurar mutum wajen miliyan shida daga Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, sannan cunkoson gidajen yari na yau. Sai an zauna an karanta shi kamar yadda ake karanta tarihin kowace al'umma. Saidiya Hartman ta zo Ghana neman sawun kakanninta, ta rubuta Lose Your Mother a 2007. Kalmar da aka tarbe ta da ita ita ce wadda ake kiran baƙo farar fata. Ta bi hanya har Salaga, garin da fatakenmu suka sani sarai tun zamanin fataucin goro a Gwanja, kuma kasuwar bayi ce babba. Karanta wannan babi ba daɗi ga Bahaushe, domin a wannan labari ba a gefen waɗanda aka sayar kawai muke ba. Na fi son ɗalibi ya shiga fagen nan da wannan nauyi a zuciyarsa da ya shiga yana ganin ya zo gidan dangi.

Amma daga nan ne kuma rabonki yake, domin akwai abin da kike iya gani wanda ɗalibin Boston ba zai gani da sauƙi ba. A Song of Solomon na Morrison, 1977, waƙar da yara ke rerawa a wani ƙauyen Virginia, wadda ta zama mabuɗin asalin tauraron, tana ɗauke da sunaye irin su Belali da Medina da Muhammet. Manazarta sun bi sawun sunayen zuwa hirarrakin da aka yi da tsofaffi a gaɓar tekun Georgia aka buga a 1940, inda jikokin wani bawa Musulmi mai suna Bilali, na tsibirin Sapelo, suka lissafa sunayen 'ya'yansa mata. Bilalin nan ya bar rubutun Larabci mai shafi 13 da hannunsa. Akwai Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro, da ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a North Carolina. Akwai Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, da aka kama aka ƙetara da shi Sahara, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha ya isa Amurka, ya shiga rundunar baƙar fata a yaƙin basasarsu, littafinsa ya fito a 1873. Yadda sawun Musulunci yake ɓoye ko yake bayyana a ƙagaggun labaran bauta na yau, tambaya ce da mai karanta Larabci da ajami yake da fifiko a kanta.

Ko kuma ki yi kwatance. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma labarin uwa ne da bauta ta raba da ɗanta, ta bi sawunsa cikin Sahara har ita ma ta faɗa hannu. Ki ajiye shi kusa da Beloved ki tambayi yadda kowanne ya sarrafa baƙin cikin uwa, wanne ya kai mai karatu ga haƙuri da ƙaddara, wanne ya ƙi. Sai dai ki yi hattara da bambancin tsarin biyu. A Virginia tun 1662 doka ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ko da ubangidan ne ya haife shi, don haka mutum yana iya sayar da ɗan cikinsa. A shari'ar da aka bi a ƙasarmu, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangidanta ɗa ne mai 'yanci. Wannan bambanci ba wanke kowa yake yi ba, amma yana canza ma'anar haihuwa a labaran biyu, kuma kundin da ya tsallake shi ya tsallake zuciyar maganar. Idan wannan hanya ta ja ki, ki haɗa da The Known World na Edward P. Jones, 2003, labarin baƙar fata da ya mallaki bayi a Virginia.

Game da ra'i ba zan tsawaita ba. Kada ki ɗauko shi tun farko ki kifa a kan littafi kamar kwando. Ki karanta Playing in the Dark na Morrison, da Paul Gilroy a kan tekun Atlantika, da Hartman, da Christina Sharpe, kuma kafin su duka ki karanta muƙalar Barbara Christian ta 1987, inda ta koka da yadda tseren ra'i yake danne adabin da aka ce ana nazarta, ta tuna mana cewa mutanenta sun daɗe suna tunani mai zurfi cikin labari da karin magana da kacici-kacici. Ra'in bayan mulkin mallaka da aka saba da shi a sassanmu ba ya zama daidai a kan Amurka sai an yi masa gyara, don baƙar fatar can ba 'yan ƙasar da aka mamaye ba ne, mutanen da aka kwaso aka kai ne.

Sai maganar inda za a yi karatun. Za ki iya yinsa a gida, muddin kin sami mai duba aiki da yake karanta sababbin littattafai, don haka ki binciki abin da malami ya rubuta kafin ki nemi ya ɗauke ki. Babbar wahalar ita ce samun kayan aiki. Ki buɗe rajista a JSTOR, rumbun muƙalu na intanet, ki tambayi ɗakin karatun jami'arku ko suna da irinsa mai suna Project MUSE, ki riƙa bin mujallun African American Review da Callaloo da MELUS. Idan kuma burinki Amurka ne, ki sani digiri na biyu shi kaɗai sau da yawa ba ya zuwa da tallafi, digiri na uku ne ake biya wa ɗalibi kuɗin makaranta a ba shi alawus na shekara biyar ko shida yana koyarwa. Ana nema ta sashen Turanci ko ta sashen nazarin baƙar fata, fagen da ya samo asali daga yajin ɗalibai na wata biyar a San Francisco State daga 1968 zuwa 1969, kuma Jami'ar Temple ta fara ba da digiri na uku a cikinsa a 1988. Yawanci ana rufe karɓar takardu a Disamba. Abin da ya fi nauyi a cikinsu shi ne samfurin rubutunki, shafi 15 zuwa 20, kuma abin da suke dubawa shi ne ko kin iya zama a kan shafi guda ki fitar da abin da ke ciki. Takardun Morrison suna Princeton, na Butler suna ɗakin karatu na Huntington a California, na Walker suna Emory, ga kuma cibiyar Schomburg a Harlem.

Shawarata a kan marubuta: kada ki haɗa Morrison da Walker don kawai su biyun kika sani. An yi rubutu a kansu har bitar ayyukan da suka gabata kaɗai za ta cinye miki shekara. Idan kina son Morrison, ki riƙe littafinta ɗaya ki haɗa shi da na wani da bai sha nazari haka ba, kamar Corregidora na Gayl Jones, 1975, wanda Morrison ɗin ce ma ta yi masa edita, ko Ward, ko Everett. Littafi biyu, ko uku idan ya yi yawa, da tambaya ɗaya.

Ga aikin da zan ba ki na wannan wata. Ki koma Beloved, ki nemo babi ukun nan da suka ba da labarin rumfar bayan gida. Ki karanta su a jere sau uku, na ukun da murya a bayyane. Ki rubuta shafi biyar a kan abin da kowane mai ba da labari ya gani da abin da ya kasa gani, ba tare da kin ambaci sunan wani masani ba, kuma ba tare da kalmar "wariya" ta fito ko sau ɗaya ba. Ki turo mini in duba, daga nan sai mu zauna mu yanke take.